Wasiƙa daga Farankfot, Kan Maganar Kawu da Shibrar Gonarmu

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya aikin kaka? Yaya ya turo min hoton damman geron gonar fadama, na daɗe ina kallonsu. Allah ya sa albarka, ya kare rumbu daga gara. Nan sanyi ya fara shigowa, kafin ƙarfe biyar na yamma gari ya yi duhu, amma lafiyata ƙalau. Inna, kada ki damu da batun abinci, ragowar kukar da kika ɗauro min har yanzu ina lallaɓa ta.

Auta ya tsegunta min cewa Kawu ya faɗa a majalisa wai an tura ni Turai karatu na ɓige da haƙar kabari, kuma maganar ta taɓa ku, Baba, ko da ba ku nuna ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, don a waya kullum gaisuwa ke cinye lokacin.

Ba zan ɓoye muku ba, akan ci karo da kabari a wannan aiki, kuma akwai masu nazarinsa. Ni ɓangarena daban ne: kufai nake bi, da jujin mutanen da, da abin da suka noma. Da bazarar nan mun yi mako shida a wani fili a yankin Wetterau, arewa da Farankfot, inda manoman farko na ƙasar nan ta Jamus suka zauna kimanin shekara 7,500 da suka wuce. Asalinsu daga wajen Turkiyya ta yau kakanninsu suka taso, da alkamarsu da shanunsu da tumakinsu. Gidajensu na katako ne, dogaye, wani ya kai mita 30, amma ko sanda ɗaya ba ta rage ba. Idan an kankare ƙasar sama, sai ka ga tabo baƙi-baƙi a jere cikin ƙasa mai ruwan ɗorawa, gurbin da ginshiƙai suka ruɓe ke nan. Tun safe ina durƙushe da ɗan cokalin magini ina karce ƙasa. Abokan karatuna gwiwa ta dame su, ni kuwa da na taso da noman fartanya sai na ga abin wasa ne.

Ƙasar da muka kwaso mukan zuba ta a ruwa. Tsakuwa ta nitse, ƙonannun ƙwayoyi su taso sama, a tace, a shanya. Na tuna Inna tana rege gero. Ƙwayar da ta faɗa wuta ta zama gawayi ba ta ruɓewa, kuma da gwajin sinadarin kabon akan gane shekarunta.

Ga inda maganar ta zo kanku. Jami'ar da nake ta daɗe tana aiki a Najeriya. Malamanta, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, tare da na Jami'ar Maiduguri, su suka fito da kwalekwalen Dufuna na Jihar Yobe a 1994, wanda wani Bafulatani ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya. Ya kai shekara 8,000, tsawonsa ya wuce mita 8. Sun yi aiki a Gajiganna ta Borno, daga baya suka koma yankin Nok na Jihar Kaduna. Don haka ranar da malamarmu ta ajiye min wani tsingaron tukunya a ƙarƙashin madubin ƙara girma ta ce in faɗi abin da na gani, ban yi minti ɗaya ba na ce ƙaiƙayin gero ne. Maginiyar ta cuɗa yumɓunta da ƙaiƙayi don kada tukunyar ta tsage, wuta ta cinye ƙaiƙayin, shatinsa ya zauna a jikin tukunya har yau.

Tambayar da ake yi wa irin wannan shati ita ce: geron daji ne ko na gida? Na daji da ya nuna sai ya kakkaɓe tsabarsa ƙasa, ya shuka kansa. Na gida kuwa tsabar takan manne a zangarniya har sai an yanka an sussuka, kuma ana gane wannan daga gindin ƙwayar, ko sulɓewa ta yi da kanta ko karya ta aka yi. Ba wanda ya zauna ya ƙirƙiro geron gida rana ɗaya. Mutane ne suka yi ta yankar zangarniyar da ba ta zube ba, suna ajiye ta iri, shekara bayan shekara, har geron ya kasa rayuwa ba tare da mutum ba. A kwarin Tilemsi na ƙasar Mali an samu shatin geron gida na kimanin shekara 4,500. Mutanen Gajiganna kuwa da shanu suka iso, suna tsintar hatsin daji, sai bayan ɗaruruwan shekaru gero ya bayyana a tukwanensu. Na Nok gero da wake suke nomawa, har kakin zuma an gano a tukwanensu.

Ina karanta wannan sai na ga Baba a bakin rumbu, kuna ware manyan zangarnu kuna ɗaurewa daban, kuna cewa wanda ya taɓa na iri zai gamu da ku. Ashe aikin da ake rubuta littattafai a kansa ke nan.

Wani abin ya ba ni dariya har na kusa jawo hankalin mutane a ɗakin karatu. A wata maƙala ta Turanci na ci karo da kalmar "shibra", haka nan da Hausarta. Masana sun ara ta ne don geron nan mai kakkaɓe kansa da ke fitowa cikin gona, ruwa biyu tsakanin na gida da na daji. Shibrar da kuke sa mu tuge muna ƙunƙuni! Malamar ta tambaye ni yadda manomi ke gane ta kafin ta fitar da kai, na yi shiru, don ni dai inda kuka nuna nake tugewa. Kunya ta kama ni.

To ga roƙona. Baba, idan kun samu sarari bayan la'asar, Yaya ya ɗauki muryarku ya turo min ta WhatsApp: yadda kuke bambanta shibra da gero tun suna ƙanana, da abin da kuke dubawa a zangarniyar iri, da inda irin namu ya samo asali idan Kaka ya taɓa faɗa muku. Inna, ke kuma idan maginiyar nan ta kawo tukwane ranar kasuwa, a tambayar min ita me take cuɗawa a yumɓu, ƙaiƙayi ko kashin jaki ko dakakken tsingaro, kuma wanne take sa wa tulu, wanne wa tukunyar tuwo.

Na turo ɗan abin da ya samu ta hannun Yaya, a biya masu ɗaukar dami, a saya wa Gwaggo maganinta. A gaida Kawu da kyau, a karanta masa wasiƙar nan, amma a tsallake inda na ambaci Auta.

Ku ci gaba da sa ni a addu'a, jarrabawa na nan tafe a watan Fabrairu.

Ɗanku mai kewarku.