Zuwa ga 'Yata, Kan Ƙwayoyin da Suka Mutu a Hannunki

'Yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, mahaifiyarki ta shaida mini cewa ƙwayoyin halittar da kika shafe wata biyu kina reno a ɗakin gwaje-gwaje sun mutu, har kina tunanin sauya fanni. Kafin ki yanke shawara, ina so ki san labarin Françoise Barré-Sinoussi, masaniyar kimiyya 'yar ƙasar Faransa da aka haifa a 1947.

A watan Janairun 1983 aka kai Cibiyar Pasteur ta birnin Paris ɗan yankin kaluluwa da aka ciro daga wuyan wani majinyaci, a lokacin da duniya ba ta san abin da ke haddasa ƙanjamau ba. Françoise ce ta riƙa duba fararen ƙwayoyin jinin da aka rena daga cikinsa, tana auna wani sinadari da ke tona asirin irin ƙwayar cutar da suke zargi. Alamar ta bayyana, sannan ta fara dusashewa, domin ƙwayoyin jinin mutuwa suke yi. A nan ne mai gaggawa zai zubar da komai ya ce aiki ya lalace. Ita da abokan aikinta sai suka ƙara sababbin fararen ƙwayoyi daga jinin da aka bayar gudummawa, alamar ta dawo, suka gane cewa ƙwayar cutar ce da kanta take kashe su. Wannan ƙwayar cutar ce daga baya aka tabbatar tana haddasa ƙanjamau. A watan Mayu na shekarar mujallar Science ta buga sakamakon, sunanta ne a farko.

Sai da aka yi shekara 25 kafin a ba ta lambar yabo ta Nobel a 2008, tare da Luc Montagnier, shugaban sashensu a Cibiyar Pasteur, kuma labarin ya riske ta tana bakin aiki a Kambodiya. Malaminta Jean-Claude Chermann, wanda suka yi aikin tare, ba a sa shi ba, abin da har yau nake ganin bai dace ba.

Saboda haka kada ki wanke kwalaben nan tukuna. Ki rubuta ranar da ƙwayoyin suka fara mutuwa da duk abin da kika zuba musu, ki kai wa malamarki ku duba tare. Idan kin zo hutun Sallah ki taho da littafin, ina so ki karanta mini.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki