A Koya wa Ɗalibai Yadda Shel Ke Miƙa Bayani ga Sikirif

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini domin in jawo hankalin masu koyar da kwamfuta a nan Zariya, musamman cibiyoyin da ke Samaru da Kongo da Sabon Gari, kan wani darasi da nake ganin ana wuce shi da gaggawa alhali shi ne tushen aiki da Linux (babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta), wato yadda shel (manhajar da ke karɓar umarnin da mutum ya buga ta aiwatar) ke miƙa wa sikirif (fayil mai ɗauke da jerin umarni) kalmomin da mutum ya rubuta bayan sunan umarni.

Tsarin ya daɗe. Tun shel ɗin da Stephen Bourne ya rubuta a Bell Labs ta Amurka, wanda ya fito tare da babbar manhajar Unix a 1979, har zuwa shel ɗin Bash da Brian Fox ya fitar a 1989, dokar ɗaya ce: a cikin sikirif, $0 sunan sikirif ɗin ne, $1 kalmar farko da ta biyo shi, $2 ta biyu, $# kuma adadinsu. Wannan ɗalibai suna haddace shi nan da nan. Abin da ba a cika nanata masu ba shi ne, sikirif ba ya ganin abin da mutum ya buga, sai dai abin da shel ya riga ya yayyanka ya miƙa masa.

Idan ɗalibi ya rubuta ./rajista.sh Tudun Wada, shel zai raba a inda ya ga sarari, sai $1 ya zama Tudun, $2 ya zama Wada, unguwa ɗaya ta koma biyu. Maganin shi ne a sanya sunan cikin alamar zance, "Tudun Wada", sannan a cikin sikirif ɗin ma a rubuta "$1" da alamar, domin in ba haka ba za a sake yanka shi a can. Haka kuma "$@" ita ce hanyar miƙa dukkan kalmomin ga wani umarnin ba tare da sun cakuɗe ba.

Mu Hausawa muna da ƙarin dalilin kula, wanda littattafan da aka rubuta a Turai ba za su tuna mana da shi ba. Waƙafin saman da muke rubuta jami'a da sana'a da shi, a wurin shel alamar buɗe zance ce. Wanda ya buga jami'a haka kawai zai ga allon ya tsaya yana jiran a rufe zancen. Wanda ya buga 'ya'ya kuwa nasa ya fi muni, domin shel zai ɗauki waƙafan biyu a matsayin buɗewa da rufewa, ya cire su, ya miƙa wa sikirif kalmar yaya ba tare da wani gargaɗi ba, kuma haka za ta shiga rajista. Alamar zance mai biyu-biyu tana kare duka waɗannan kalmomin.

Sai batun kalmar da aka manta ba a bayar ba. Bash ba ya ƙorafi, yakan bar gurbin fanko ya ci gaba da aiki, wanda hakan haɗari ne babba idan umarnin gogewa ne ke biye. A 2015 an gano irin wannan gurbin a sikirif ɗin manhajar wasannin kwamfuta mai suna Steam ta Linux, inda ya jawo goge fayilolin wasu masu amfani da ita. Layi ɗaya da zai duba $# kafin a fara aiki, ko kuma rubuta umarnin set -u a saman sikirif, yana tsayar da aikin idan ba a bayar da kalmar ba.

Rashin kwamfuta ba uzuri ba ne sosai, tunda manhajar Termux tana ba da Bash a wayar Android. Don haka ina kira ga malamai su sa kowane ɗalibi ya gwada sikirif ɗinsa da suna mai sarari, da suna mai waƙafin sama, da kuma babu suna gaba ɗaya, kafin a ba shi maki.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin kwamfuta,
Samaru, Zariya.