Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobi: Bitar Rubutun Fim, Teburin Gyara Da Batun Yarjejeniya

Assalamu alaikum, 'yan uwa marubuta maza da mata.

Ga rahoton da kwamitin gudanarwa ya saba kawo muku a ƙarshen shekara. Lissafin kuɗin shiga da na fita yana cikin takardar ma'aji, za a raba ta daban ranar babban taro. Zaman karatu na wata-wata ya gudana, in ban da na watan azumi da aka ɗage kamar kullum, da wani guda cikin damina da ruwa ya hana. Mafi yawan ƙarfinmu bana ya tafi kan rubutun fim mai dogon zango, domin can aikin ya koma. Mambobin da a da suke kai littafi kasuwa, yau furodusa ne yake kiransu a waya su rubuta masa zango guda na YouTube, kuma da yawa suna amsawa ba tare da sun taɓa ganin yadda ake tsara shafin fim ba.

Bitar rubutun fim

Ciwon da ya fi yawa a rubuce-rubucen da aka kawo shi ne hannun marubucin zube. Sai ka ga an rubuta cewa zuciyar Hajiya ta yi nauyi, ta shiga tunanin shekarun da ta yi tana haƙuri. Kyamara ba ta ɗaukar tunani. Abin da ba a gani da ido, ba a kuma jin sa da kunne, ba shi da wuri a takardar. Atisayen da aka ba kowa shi ne ya mayar da shafi biyu na zargin kishiya zuwa fitowa ɗaya, wato sin guda na fim. Wadda ta fi gamsar da zauren ba ta kai rabin shafi ba: matar tana lalube aljihun maigida kafin wanki, ta ci karo da rasit na atamfa turmi shida, ta karanta, ta ninke shi yadda yake, ta mayar, ta je ta zuba masa abinci, ta tsaya a kansa ba ta zauna ba. Babu kalma ko ɗaya, kuma kowa ya gane lefe ake haɗawa.

Kan kowace fitowa yana ɗauke da lamba da abu uku: ciki ko waje, wuri, sai dare ko rana. Misali: 14. CIKI. FALON ALHAJI. DARE. Wannan layi ba ado ba ne. Da shi mai tsara aiki yake tattara duk fitowar da ke wuri ɗaya a ɗauke su rana guda, ko da suna warwatse a kashi biyar. Marubucin da ya kira wuri ɗaya “falo” a nan, “gidan Alhaji” a can, “ɗakin baƙi” a gaba, ya sa an lissafa lokeshan uku, kuma ranar ɗauka za a nemi wata fitowa a rasa, sai an tashi daga gidan a tuna da ita.

Ma'aunin da aka sani shi ne shafi ɗaya minti ɗaya, idan an buga da haruffan Courier mai girman 12. Kashi mai minti 45 yana neman shafi 45 ke nan, zango mai kashi 13 kuma shafi 585. Wanda zai karɓi aikin zango ya kalli wannan adadi da kyau kafin ya ce zai gama cikin wata guda. Sai dai da muka karanta wasu shafuka a bayyane ana duba agogo, masu yawan zance sun zarce minti, kuma gaisuwa ce ke cinye lokacin. Sallama, ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya mai jiki, kafin a zo ga abin da ya kawo baƙon an ci daƙiƙa 30, kuma ɗan wasa zai ƙara nasa a lokeshan ko ba a rubuta ba. Shawarar zauren ita ce a buɗe fitowa daga inda magana ta kankama. A bar gaisuwa kawai inda take aiki, kamar surukar da aka durƙusa aka gaishe ta, ta ci gaba da jan carbinta.

Tsarin aikin da aka koyar yana farawa da jigon labari cikin layi biyu, wanda ya kasa faɗinsa a layi biyu bai gama sanin labarinsa ba. Daga nan taƙaitaccen labari na shafi biyu ko uku har ƙarshensa, sai takardar taurari mai ɗauke da shekarun kowa, abin da yake nema, abin da yake ɓoyewa, da irin Hausar bakinsa. Bayan haka ake yanka labarin kashi-kashi, a jera fitowar kowane kashi a layi ɗai-ɗai. Zance shi ne na ƙarshe. Yawancinmu da shi muke farawa don ya fi daɗi, shi ya sa labari yake kumbura a tsakiya, a kashi na bakwai a rasa inda aka dosa.

Inda aka fi jan muhawara shi ne batun fara ɗauka da kashi huɗu a hannu, saura kuma suna kan marubuci. Haka ake yi a aikace, ba mu musa ba, amma ga abin da yake haifarwa. Jaruma ta yi aure ta bar harkar, ko jarumi ya saɓa da furodusa, sai a bugo wa marubuci da dare a ce ya kashe shi ko ya tura shi karatu ƙasar waje. Wanda ya tsara ƙarshen labarinsa tun farko ya san wane tauraro ne ginshiƙi, zai gaya wa furodusa a ɗauke fitowarsa gaba ɗaya da wuri. Mun kuma roƙi kowa ya riƙe kundin zango, ko da littafin rubutu ne mai falle 60: wa ya san wane sirri, a wane kashi ya sani, kwana nawa suka wuce tsakanin kashi da kashi. A wani rubutun da aka duba, mace ta sami ciki a kashi na 3 ta haihu a kashi na 9, ƙanenta kuwa yana nan yana zana jarrabawar da ya fara tun kashi na 2.

Kuɗi ma a takarda yake fara ƙonewa. Fitowar dare a waje tana neman janareta da fitilu. Taron biki yana neman jama'a, da abincinsu, da kuɗin motarsu. Zance cikin mota tana tafiya yana wahalar da mai ɗaukar sauti. Duk fitowar da za ta yiwu a tsakar gida da rana ba tare da labarin ya rage armashi ba, a mayar da ita can, a adana tsadar don wuri biyu ko uku da suka cancanta.

Game da tacewa, Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana buƙatar a kai mata fim kafin a sake shi, kuma a watan Mayun 2025 ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22 kan wannan batu. Kai fim aikin furodusa ne. Amma marubucin da yake miƙa kashi ana gobe za a haska shi, shi ne ya toshe lokacin da za a kai.

Teburin gyara

Teburin ya karɓi rubutu duk shekara, kuma kusan duka a waya aka buga su. Matsala ta farko haruffa masu lanƙwasa. “Bata” a rubutu ɗaya ta tsaya a matsayin ɓata, da “ba ta” ta bayarwa, har da “ba ta” ta korewa, mai gyara sai ya koma farkon jimla ya gane wacce ake nufi. Haka baki da baƙi, kafa da ƙafa. Gboard, allon rubutu na waya, yana da allon Hausa mai ƙ, ɗ, ɓ, saukar da shi bai kai minti biyar ba. Masu tsofaffin rubuce-rubuce da aka buga da haruffan Rabi'at, tsohon samfurin haruffan Hausa na kwamfuta, su lura: da zarar an sauya samfurin haruffa, masu lanƙwasar suna rikiɗewa su koma wasu alamomi. A gyara su ɗaya bayan ɗaya da umarnin nema da musanyawa, kafin a kai wa mai tsara shafi. 'Yan uwanmu na Nijar suna rubuta ƴ inda muke rubuta 'y. Kowanne daidai ne a wurinsa, a dai zaɓi ɗaya a riƙe shi har bangon baya.

Ta biyu haɗewa da rabewa. Suka, muka, aka, yake, tana, duk a haɗe suke. Za mu, ba su, ya ba shi, ita ce, a rabe. Gidansa a haɗe, domin mallaka ce, ya gan shi kuma a rabe. Waɗannan kaɗai sun ɗauki fiye da rabin jan biron masu gyara. Karin harshe kuwa ba kuskure ba ne. Basakkwacen da ke cikin labari ya yi Sakkwatancinsa, mutumin Damagaram ya yi nasa, amma muryar mai ba da labari ta tsaya kan daidaitacciyar Hausa. Abin da muke jan layi a kai shi ne tauraron da ya fara da Katsinanci a babi na ɗaya ya wayi gari Bakano a babi na huɗu.

An yi zama na musamman ga mata masu shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016. Kusan duk labaran da aka kawo sun wuce adadin kalmomin da aka ƙayyade, saboda an ɗauko rayuwar mace tun daga haihuwa har zawarci. Gajeren labari lamari ɗaya yake ɗauka, da taurari biyu ko uku. Yanke gabatarwa kaɗai ya kan sauke kalma 300.

Ɗab'i

Kundin gajerun labarai da muka yi alkawari bara bai fito ba. Rubutun ya kammala, an gyara, takarda ce ta fi ƙarfin asusu. Ga lissafin don mai niyyar buga nasa. Fallen A4 ɗaya yana ba da shafi huɗu na littafi mai girman A5. Littafi mai shafi 160 yana cin falle 40, kwafi 500 kuma falle 20,000, wato rim 40 mai falle 500, ban da wadda za ta lalace a inji, ban da bango da ɗinki. A daidaita yawan shafuka ya rabu da 16, ko aƙalla da 8, in ba haka ba, za a biya kuɗin fararen shafuka. Kada a ba da izinin bugawa sai an karanta gwajin bugu a takarda, domin a nan ake kama ƙ da ta rikiɗe ta koma alamar akwati. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi mai alƙaluma 13, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samun ta, kowane littafi da tasa. Wanda mai ɗab'i ya ce zai “sa masa lamba” kyauta ya tambayi daga ina ta fito.

Haƙƙin mallaka da yarjejeniya

Ƙorafin da ya fi zuwa wa kwamiti iri biyu ne. Na farko littafin kuɗi: marubuciya ta buɗe zauren WhatsApp na waɗanda suka biya, kafin ta kai shafi na 20 wata ta fitar da shi, ya zaga zauruka kyauta, wani kuma ya karanta shi a YouTube yana karɓar kuɗin talla. YouTube yana da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka, kuma mun taimaka wa mambobi cike shi. Abin da ke kayar da mai ƙorafi shi ne rashin shaidar cewa shi ya fara rubutawa. A riƙa aika wa kai kowane babi ta imel kafin a sake shi, kwanan wata yana zaune a kai. A kuma ajiye kwafi a wuri biyu. Da OkadaBooks, dandalin sayar da littattafai ta intanet, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023, wanda ba shi da kwafi a hannu ya ji jiki, kuma waya ma ana sace ta.

Na biyu aikin fim da aka yi da baki. An ba da kafin alƙalami, an karɓi kashi 13, sauran kuɗin ya zama sai fim ya kawo. A irin waɗannan ƙararraki kwamiti bai iya yin komai ba sai roƙo, tunda babu takarda. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ce sayar da haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce, kuma haƙƙin rubutun adabi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Saboda haka muka tsara samfurin yarjejeniya mai shafi biyu. Ta fayyace yawan kashi da tsawon kowanne, da biyan kuɗi sau uku: lokacin sa hannu, lokacin miƙa rabin aiki, da lokacin miƙa kashi na ƙarshe. Ta ƙayyade gyara sau biyu, na uku da kuɗinsa. Ta raba “labari” da “tsarawa” a jerin sunaye, domin mai kawo labari daban, mai zuba shi fitowa-fitowa daban, kuma rigima da yawa daga nan take tashi. Ta kuma bayyana ko izinin fim kawai aka sayar, marubuci ya riƙe damar buga littafinsa, da abin da zai faru idan aka zo zango na biyu aka ɗauko wani marubucin ya ci gaba da taurarin da ba shi ya ƙirƙira ba. Wasu mambobi sun ce furodusa zai gudu idan ya ga takarda. Kwamiti yana ganin wanda takarda mai shafi biyu ta kora, da ma ba cika kuɗin zai yi ba.

A shekara mai zuwa za a maimaita bitar fim, a ƙara zama guda tare da mai tsara aiki da edita, su nuna wa marubuta abin da suke yankewa da dalili. Kundin labarai za a fara fitar da shi ta intanet kafin a tara kuɗin takarda. Samfurin yarjejeniya yana wurin sakatare, a takarda da kuma ta waya. Mai son teburin gyara ya duba masa aiki ya turo babi uku na farko tare da taƙaitaccen labari, ba littafin gaba ɗaya ba, kuma ya ba masu gyara mako uku.

Wassalam.
Kwamitin Gudanarwa