"Laisal birru" ba kuskure ba ne

Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin matasan da ke gaggawar yi wa alarammomi gyara a tarawihi. Na ji wani ya katse liman a aya ta 177 ta Suratul Baƙara don ya karanta "laisal birru" da rufu'a, alhali haka ruwayar Warshu take, wadda muka tashi da ita a makarantar allo, Hafsu kuwa "birra" ya ruwaito.

Jumlar "laisal birru an tuwallu" asalinta mubtada'i (abin da ake magana a kansa) ce da habari (abin da aka faɗa game da shi), sai "laisa" ta shigo mata. A nahawun Larabci, idan "laisa" ta shigo, mubtada'in ya zama sunanta da rufu'a, habarin kuma ya ɗauki fataha. A Warshu "birru" ne sunanta, "an tuwallu" habarinta. A Hafsu "birra" ne habarin da aka sa a gaban sunan, shi ya sa ya ɗauki fataha. Kafin a buɗe baki, a tambayi ruwayar da liman yake bi.

Naka,
Mai karatu daga Zariya