Tsinken gwajin fitsari kaɗai bai isa a ce wane ɗan ƙwaya ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da ƙoƙari.

Don Allah a ɗan ba ni fili in sa baki kan gwajin ƙwaya da shugaban hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA Buba Marwa yake ta kira a riƙa yi wa ɗalibai da ƴan takara da masu shirin aure. Ni ban ƙi ba wallahi, wani bincike na shekarar 2018 ya ce ƴan Najeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da kayan maye, to wa zai ce a naɗe hannu? Amma yadda mutane suka ɗauki ɗan tsinken nan da ake tsomawa a fitsari kamar alƙali shi ke damuna.

Tsinken fa tacewa kawai yake yi, minti biyar ya ba da amsa, kuma karanta shi ma sai wanda ya sani, don ba kamar na gwajin ciki ba ne, a nan layi biyu na nufin babu komai, layi ɗaya ne ke nuna akwai, ko layi na biyun ya fito dishi-dishi babu ɗin ce. Sannan yana ruɗewa. Maganin mura mai pseudoephedrine a ciki kan sa ya nuna amfetamin, wato dangin ƙwayar nan da ake ce wa ais, haka labetalol da ake ba masu juna biyu saboda hawan jini. To ka ga baiwar Allah tana shan maganinta a ce mata ƴar ais, ina za ta sa kanta a unguwa?

Ƙa'ida ita ce in tsinke ya nuna, a raba fitsarin kwalba biyu a liƙe a gaban mai shi ya sa hannu, a kai lab mai na'urar GC-MS ko LC-MS, ita ke warware sinadarai ɗaya bayan ɗaya ta ce wannan ais ne wancan maganin mura ne.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, hodar iblis da ais kwana 2 zuwa 4 suke yi a fitsari, a jini ma ba sa kai haka, kenan in an sanar da ranar gwaji tun da wuri ɗan hannu zai ɗaga ƙafa na sati guda ya wuce sumul. Gashin kai ne ke riƙe tarihin kusan wata 3, sai dai tsada.

Ku tambayar mana hukuma, na'urorin tabbatarwar nan nawa ne a Arewa, kuma wa zai biya kuɗin gwaji na biyu?

Mai karatunku,
daga Zariya