Zuwa ga kwastomominmu, kan abin da ya samu shafinmu

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa abokan arziki.

Da yawanku kun ga saƙo daga shafinmu na Instagram wai an karya kuɗin leshi da atamfa, a tura kuɗi wani sabon akawun. Wallahi ba mu ba ne, kutse aka yi mana, kuma dole mu yi bayani don har mun fara jin ana cewa wai da saninmu, abin ya yi mana ciwo. Shafin nan ba a hannunmu yake ba, akwai wanda muke biya duk wata yana kula da shi tunda mu muna shago tun safe har magariba, ashe lambar wayarsa ya sa a matsayin kalmar sirri, kuma ita ɗin ce dai a imel ɗinsa da shafukan sauran 'yan kasuwan da yake riƙe wa, masu kutsen suna samun ɗaya suka bi suka buɗe sauran. Tsaron nan na mataki biyu ma, wanda bayan kalmar sirri sai an sa wata lamba ta daban kafin a shiga, bai kunna ba, alhali ya ce mana komai a kulle yake.

Muna kan lamarin, akwai matakan da muke ɗauka, in sha Allah za ku ji daga gare mu.

Amma don Allah ku ma ku duba naku. Lambar waya, shekarar haihuwa, sunan ɗan fari ko 123456, su ɓarayin ke fara gwadawa. In za ku sa kalmar sirri, ku haɗa kalmomi uku ko huɗu da ba su da alaƙa da juna, ku sa lamba a ciki, ta kai harafi 12, kuma kowane shafi da tasa daban. Lamba 6 ɗin da WhatsApp ke turowa kar ku karanta wa kowa ko da ya ce daga gurup ɗin makaranta yake. Mu ba za mu taɓa tambayarku BVN ko PIN ɗin katinku ba, akawun ɗinmu kuma yana nan bai canza ba.

Hajiyarmu ta Damagaram da take saye tun mahaifinmu na zaune a shagon, ita ta fara kira ta ce wannan ba rubutunku ba ne. Allah Ya saka da alheri Hajiya. Masu sari na Kaduna da Maraɗi da muka aurar da yara tare, mun gode, kar ku guje mu a kan wannan. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya kira layin shago ko ya zo da shaidar turawar mu zauna.

Mu ne naku,
masu shago