A ba tsofaffin makaɗa fili tun suna da ƙarfin yatsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne game da filinku na kaɗe-kaɗe na ƙarshen mako, wanda nake bi ta intanet daga nan Ingila inda nake zaune. Ina jin daɗin filin ƙwarai, shi ya sa ma na ga bai kamata in yi shiru da abin da ke raina ba. Kusan duk baƙin da kuke kawowa matasa ne masu tashe, waɗanda aka haɗa musu kiɗa a kwamfuta aka gyara musu murya da na'ura. Ba na ƙinsu, zamaninsu ne, yaran gidanmu ma su suke saurare. Amma akwai wani irin makaɗi da ba na jin ɗuriyarsa a filin: dattijon da ya shekara hamsin yana sana'a ɗaya, wanda zai iya tsayawa gaban jama'a daga shi sai abin kiɗansa, ba 'yan amshi ba mai ganga, ya riƙe zaure har a tashi. Kwanakin baya na ga irin wannan mutum da idona, kuma ina so in ba ku labarinsa kafin in kawo roƙona.

Sunansa Richard Thompson, Bature ne, haifaffen Landan a 1949. A wani zauren wasanni da ke arewacin Ingila na kalle shi. Babu ado a dandamalin ko kaɗan, sai makirufo da ɗan teburi da ruwan sha. Ya fito da baƙaƙen kaya da baƙar hular da aka san shi da ita, jitarsa ta katako a rataye a kafaɗa, ya gaida mutane a taƙaice, ya fara. A tsaye ya yi wasan tun daga farko har ƙarshe, mutumin da ya haura saba'in.

Abin da ya fara kama ni shi ne kunnena yana jin makaɗa biyu ko uku, idona kuwa yana ganin mutum ɗaya. Na zauna kusa sosai, don haka na zuba wa hannunsa na dama ido. Jita tsirkiya shida gare ta, masu kauri a sama, sirara a ƙasa. Yawancin makaɗa suna riƙe ɗan gutsuren roba tsakanin babban yatsa da manuni su bugi tsirkiyoyin da shi, wasu kuma su bar robar su yi da yatsu zalla. Shi ya haɗa biyun. Robar tana kan tsirkiyoyi masu kauri tana ba da amo mai nauyi wanda ke riƙe taken kiɗan, yatsan tsakiya da mai bi masa kuma suna tsinkar sirara suna fitar da karin waƙar. Kamar masaƙi ne a kan masaƙarsa, ƙafa na nata aikin, hannu na jefa ƙoshiya, ba wanda ke jiran wani. A kan wannan duka kuma yana rera waƙa, baiti bayan baiti, ba takarda a gabansa. Tsakanin waƙa da waƙa yakan murɗa kunnuwan jitar ya sassauta wata tsirkiya ya ɗaure wata, yana hira da mutane yana ba su dariya, kafin ka ankara jitar ta sauya murya gaba ɗaya. Sau da yawa yakan bar tsirkiya ɗaya mai kauri tana gunji ba ta sauyawa, sauran suna kai da komo a kanta. Wannan salon daga kiɗan Sukotland ya samo shi, musamman sarewarsu mai jakar iska. Mahaifinsa ɗan Sukotland ne, ɗan sandan ciki a Landan, kuma mai taɓa jita a gida, yaron ya tashi yana jin fayafayan jaz da na gargajiyar ƙasar ubansa. Galibin sa'o'insa a Ingila wajen baƙaƙen fatar Amurka masu salon kiɗan da ake kira blues suka ɗauko hannu. Shi ya nufi wata hanya dabam, kuma ko yau in ka ji bugunsa daga bayan katanga za ka san shi ne.

Ba zan ce muryarsa tana da zaƙi ba. Murya ce mai kauri, ta dattijo, wani lokaci har da kaushi. Waƙoƙinsa kuma ba na biki ba ne. Yawanci labarai ne na mutanen da duniya ta juya wa baya: matuƙan jirgin ruwa, sojojin da suka dawo ba yadda suka tafi ba, ma'auratan da zama ya ƙi, 'yan kasada. Wadda mutane suka fi yi wa sowa ita ce wadda ya fitar a 1991, labarin wani saurayi ɗan fashi da babur ɗinsa ƙirar Vincent na 1952 da budurwarsa mai jan gashi. An harbe shi a wurin fashi, yana kwance a asibiti rai a hannun Allah ya miƙa mata makullin babur ɗin. Labarin zamani ne, da babur da bindiga da 'yan sanda, amma an gina shi a kan tsarin tsofaffin waƙoƙin labari na Ingila da Sukotland. Yadda yatsunsa ke gudu a wannan waƙar, ni dai na manta da tafi sai da na ji na kusa da ni sun fara.

Yadda aka yi ya iya wannan gini shi ne ainihin dalilin wasiƙata, don haka ka ba ni dama in ɗan tsaya a nan.

A 1967, yana ɗan shekara 18, shi da abokansa suka kafa ƙungiyar Fairport Convention a arewacin Landan. Da farko waƙoƙin Amurkawa suke kwaikwaya kamar kowa. A watan Mayu na 1969, suna dawowa daga wasa a Birmingham cikin dare, motarsu ta yi haɗari a babbar hanyar M1. Mai yi musu ganga, Martin Lamble, ɗan shekara 19, ya rasu, haka ma Jeannie Franklyn, budurwar Thompson. Waɗanda suka tsira sun kusa watsewa. Da suka yanke shawarar ci gaba, sai suka ga ba za su iya komawa kan tsofaffin waƙoƙin da suka yi tare da mamacin ba. Suka kama wani gida a ƙauye a yankin Hampshire, suka juya ga waƙoƙin kakanninsu. Mawaƙiyarsu Sandy Denny ta san wasu, mai goge Dave Swarbrick da ya shigo cikinsu ya san da yawa, shi kuma wani ɗan ƙungiyar, Ashley Hutchings, ya riƙa zuwa ɗakin karatu na Gidan Cecil Sharp a Landan yana tono tsofaffin rubuce-rubuce. A ƙarshen wannan shekarar suka fitar da faifan da ake cewa daga gare shi aka san kiɗan gargajiyar Ingila da aka ɗora a kan jitar lantarki da gangar zamani.

To wane ne Cecil Sharp? Malamin kiɗa ne wanda tun daga 1903 ya riƙa bin ƙauyukan Somerset da wasu wurare, sau da yawa a kan keke, yana zama da tsofaffi, manoma da 'yan ƙwadago da mata masu aikin gida, yana rubuta waƙoƙinsu da karinsu da hannu. Ya tara dubbai, har tsaunukan gabashin Amurka ya je neman waƙoƙin da suka yi ƙaura da mutanensu. Ya rasu a 1924. Tsofaffin da suka rera masa ba wanda ya ɗauke su da muhimmanci a lokacin, jikokinsu ma sun koma ga kiɗan birni. Shekara sittin da wani abu bayan ya fara, wasu samari da ke cikin makoki suka buɗe waɗannan takardu suka sami abin da za su tsaya a kai. Da ba a rubuta ba, da ba abin da za su tarar. Dattijon da na kalla a wannan dare ɗan wannan ajiya ne, duk da cewa ya bar ƙungiyar tun 1971 kuma kusan duk abin da yake rerawa shi ya tsara.

Akwai wani ɓangare na rayuwarsa da na san zai ja hankalin masu sauraronku. A 1974 shi da matarsa ta lokacin, Linda, wadda suke waƙa tare, suka karɓi Musulunci ta hannun wasu sufaye a Landan. A bangon faifansu na 1975 an gan shi da rawani. Wasu daga waƙoƙin wannan faifan, waɗanda mai ji zai ɗauka na soyayya ne, begen Ubangiji ne irin na sufaye. Daga nan suka ajiye sana'ar na wasu shekaru suka zauna cikin jama'ar sufaye a gabashin Ingila, sai a 1978 suka dawo. Aurensu ya mutu a 1982, amma shi ya ci gaba da addininsa. Na san malamanmu sun yi saɓani a kan kiɗa, kuma ba hurumina ba ne in shiga. Abin da na gani kawai zan faɗa: bai yi wa kowa wa'azi a dandamali ba, bai kuma yi talla da addininsa ba, amma akwai kamun kai a tsayuwarsa da maganarsa, kuma waƙoƙinsa ba sa wasa da mutuwa ko da alhaki. Lokacin da ya rera waƙar Sandy Denny, wadda ta rasu a 1978, ya ambace ta da girmamawa irin ta wanda aka yi wuya tare.

Ƙasarsa ba ta bar shi a baya ba. An ba shi lambar girmamawa ta OBE a 2011, an yi bikin cikarsa saba'in a zauren Royal Albert Hall a 2019, kuma a 2024 ya sake fitar da sabon faifai. A wasan da na kalla ma ya saka sababbin waƙoƙi tsakanin tsofaffin, bai zo cin tsohon suna kawai ba. Abu ɗaya ne ya sosa mini rai: da na waiwaya, furfura ce ta cika zauren. Matasa 'yan ƙalilan ne, kuma kuɗin tikiti ba na ɗalibi ba ne. Sai dai ko ba su zo ba, duk bugun da mutumin nan ya yi yana nan a ajiye, a faifai da bidiyo da rubutu, ranar da suka waiwayo za su same shi.

Anan ne hankalina ya koma gida. Mu ma muna da wannan tsayuwa ta mutum ɗaya, kuma ba aro muka yi ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya yake tsayawa shi kaɗai ya yi wa ɗan adam nasiha a kan aure da sana'a da zaman duniya, kuma har ƙasashen waje an saurare shi. A Nijar, Malam Maman Barka, gwanin gurmi, ya tafi bakin Tafkin Chadi a 2002 ya koyi biram, abin kiɗa mai tsirkiya biyar na ƙabilar Buduma da ke yankin tafkin, wajen Bukar Tar, dattijon da ake cewa shi ne na ƙarshe da ya iya shi. Da ya yi jinkiri kaɗan da an binne wannan kiɗa tare da mai shi. Barka ma ya rasu a 2018. Waɗannan sun yi suna, an ɗauki wani abu nasu. Amma masu gurmi da garaya da molo da kukuma nawa ne a garuruwanmu yau, waɗanda shekaru suka ja, ba wanda ya taɓa ajiye musu makirufo mai kyau? Abin da ya rage mana na wasu manyan ma kasakasai ne da aka kwafa daga kwafi, kiɗan ya dusashe, ba sunan gari ba shekara.

Roƙona bai fi ƙarfinku ba. Ku ware ko da kwata ɗaya na filin, sau ɗaya a wata, ga dattijo ɗaya da abin kiɗansa. Kada a ɗora masa kiɗan kwamfuta, kada a gyara masa murya. A bar shi ya buga waƙa har ƙarshenta ba a katse shi da talla ba. Mai gabatarwa ya tambaye shi wa ya koya masa, da wace fata ake rufe ƙoƙon, da me ake yin tsirkiyar, yaya ake ɗaure ta, wace waƙa ce ya gada wace ce tasa. In da kyamara, a nuna hannunsa kusa, domin a hannun ilimin yake. A rubuta sunansa da garinsu da ranar da aka ɗauka, a ajiye a wurin da ɗalibi zai iya nema. A kuma sallame shi da abin kirki, don da yawansu ba su da komai sai wannan baiwa. Wakilanku suna Kano da Sakkwato da Damagaram da Maraɗi, sun san inda waɗannan mutane suke, in ba su sani ba tsofaffin unguwa za su nuna musu.

Sannan lokaci zuwa lokaci ku leƙa waje ku kawo mana irin su Thompson, a saka bugunsa a kuma bayyana wa mai sauraro labarin da waƙar ke ɗauke da shi da Hausa. In kuna son taimako wajen wannan bayanin, a shirye nake in rubuto muku.

Allah ya ƙara basira, ya bar zumunci.

Naku,
Mai sauraronku daga Leeds, Ingila